Rigar da Aka Yi da Gorar Ruwa: Shin Foliyesta da Aka Sake Sarrafawa Ya Fi Sabo Sauƙi ga Muhalli?

A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin tufafi na duniya sun ɗauki al'adar rataya wa kayansu 'yar takarda mai cewa an yi wannan riga da foliyesta da aka sake sarrafawa, wani lokaci har da adadin gorunan ruwan da aka ce sun shiga cikinta. Mai saye yakan karanta wannan ya fahimci cewa an rage shara a doron ƙasa, kuma rigar da ke hannunsa ta kuɓuta daga laifin da ake ɗora wa sauran kayan roba. Masu fafutukar kare muhalli kuwa da yawansu suna cewa kwaskwarima ce kawai, roba dai roba ce ko daga ina ta fito. To, wanne ne gaskiya, kuma wane bambanci ne na haƙiƙa tsakanin foliyesta da aka yi daga ɗanyen mai kai tsaye da wanda aka yi daga tsohuwar roba? Amsar ta danganta da matakin da mutum ya duba a rayuwar rigar, domin akwai mataki guda da bambancin yake da girma ƙwarai, akwai kuma matakai da dama da babu wani bambanci ko kaɗan.

Mene ne foliyesta, kuma daga ina yake fitowa?

Foliyesta zare ne na roba. Masana kimiyya suna taƙaita sunan robar da PET, kuma ita ce dai ake yin gorar ruwa da ta lemo da ita, wadda ake buga wa lamba 1 a cikin alamar kibiyoyi uku a gindinta. Ana samun ta ne ta hanyar haɗa sinadarai biyu, asid ɗin tereftalik da etilin gilaikol, waɗanda asalinsu ɗanyen mai ne da iskar gas. Idan aka dafa su tare a zafi mai tsanani, ƙwayoyinsu sukan sarƙe da juna su zama dogayen sarƙoƙi, kuma tsawon waɗannan sarƙoƙi ne ke ba zaren ƙarfinsa.

Wasu masana biyu, John Rex Whinfield da James Tennant Dickson, su ne suka ƙirƙiro shi a ƙasar Ingila a shekarar 1941. Daga baya kamfanin ICI ya sayar da shi da sunan Terylene, kamfanin DuPont na Amurka kuma da sunan Dacron. Gorar PET ba ta zo ba sai 1973, lokacin da wani injiniyan DuPont mai suna Nathaniel Wyeth ya yi mata rajista, wato zaren ya girmi gorar da fiye da shekara 30, kuma har yau mafi yawan PET da ake samarwa a duniya zare yake zama, gora ita ce ta biyu.

A farkon shekarun 2000 foliyesta ya sha gaban auduga ya zama zaren da aka fi amfani da shi a duniya. Ƙungiyar Textile Exchange, wadda ke tattara alƙaluman wannan masana'anta duk shekara, ta ƙiyasta cewa a 2023 an samar da zare iri-iri kimanin tan miliyan 124, kuma kashi 57 cikin 100 na wannan adadi foliyesta ne, wato wajen tan miliyan 71. Dalilin wannan rinjaye ba ɓoyayye ba ne: yana da arha, ba ya jiran damina ko gona, ba ya yamutsewa, yana saurin bushewa, kuma masana'anta tana iya fitar da shi dare da rana duk shekara.

Me ake nufi idan aka ce an sake sarrafa shi?

Yawancin mutane suna ɗauka cewa tsofaffin tufafi ne aka narkar aka yi sababbi da su, alhali ba haka ba ne. Kimanin kashi 98 cikin 100 na foliyesta da aka sake sarrafawa daga goruna yake fitowa, kuma aikin yana tafiya ne kamar haka. Ana tattara gorunan a matse su a ɗaure dami-dami, a kai su masana'anta a ware su bisa launi, inda fararen garau suka fi daraja saboda zarensu yana karɓar kowane irin rini. Sai a yayyanka su ƙanana a zuba a ruwa, domin murfin gora wata robar ce daban mai tasowa sama, ita kuwa PET nutsewa take yi, da haka ake raba su. Bayan an wanke ɓarɓashin da ruwan zafi da soda don cire gam da ragowar lemo, sai a busar da shi a narkar a zafin da ya kai kusan digiri 260 a ma'aunin Salshiyos, a tura narkakkiyar robar ta cikin wani faranti mai ƙananan huji kamar rariya. Siraran zaruruwan da ke fitowa ta ƙasa su ne ake ja a miƙar, sannan a naɗe ko a yayyanka don kaɗi.

Kamfanin Patagonia na Amurka ne ya fara shahara da wannan a 1993, lokacin da ya fitar da rigar sanyi da aka yi da gorunan lemo. Shekara 30 bayan nan, a 2023, foliyesta da aka sake sarrafawa bai wuce kashi 12.5 cikin 100 na dukkan foliyesta ba.

Inda ribar take

Ribar ta gaskiya ce, kuma bai kamata a yi musun ta ba. Wanda ya fara da tsohuwar gora ya tsallake haƙo mai, ya tsallake matata, ya tsallake masana'antun da ke fitar da sinadaran nan biyu da kuma dafa su, waɗanda su ne suka fi cin makamashi a aikin samar da zaren. Wani bincike da masana a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka wallafa a 2010 ya gano cewa zaren da aka yi daga gora yana rage amfani da makamashin mai da gas da kwal da kashi 40 zuwa 85 cikin 100, yana kuma rage iskar da ke ɗumama yanayi da kashi 25 zuwa 75, idan aka kwatanta shi da sabon foliyesta.

Mai karatu zai lura da faɗin tazarar da ke tsakanin 25 da 75, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Tazarar ba ta taso daga kuskuren awo ba, ta taso ne daga wata tambaya ta lissafi da masana suka sha bamban a kanta: hayaƙin da aka fitar tun farko wajen yin robar, wa za a ɗora wa? Idan aka ce gorar ce za ta ɗauke shi duka, tun da don ita aka yi robar, to rigar za ta fito kusan ba ta da bashi, sai ɗan abin da aka kashe wajen tattarawa da wankewa da narkarwa. Idan kuwa aka ce a raba nauyin tsakanin gora da riga, tun da dukansu sun amfana da robar, sai ribar ta ragu sosai. Haka kuma masana'antar da ke narkar da ɓarɓashi da lantarkin kwal ba daidai take da mai amfani da lantarkin ruwa ko na rana ba. Saboda haka idan kamfani ya buga lamba guda a tallansa ba tare da ya faɗi hanyar lissafinsa ba, zai yi wuya a ce ya zaɓi lambar da ta fi ƙanƙanta.

Abin da bai canza ba

Da zarar zare ya fito daga farantin nan, tarihin asalinsa ya ƙare. Daga nan za a kaɗa shi, a saƙa, a rina, a yanka, a ɗinka, a yi jigilarsa, kuma duk waɗannan matakai ba su san daga gora ya fito ko daga rijiyar mai ba. Rini shi ne ya fi nauyi a cikinsu, domin foliyesta ba ya shan ruwa kamar auduga, sai an dafa shi cikin rufaffiyar tukunya a zafin kusan digiri 130 kafin launi ya shiga jikinsa, kuma a ƙasashen Asiya da ake yin mafi yawan wannan aiki, musamman ƙasar Sin, kwal ne har yanzu ke hura wutar tukwanen da yawa. Gurɓataccen ruwan da ke fita daga marinar iri ɗaya ne. Wannan ne ya sa ragin da aka samu a matakin zare, ko da ya kai rabi, yakan zama ɗan ƙarami idan aka auna shi da dukkan hayaƙin rigar tun daga farko har ta isa kanti.

Ƙarshen rigar ma ɗaya ne. Foliyesta ba ya ruɓewa kamar auduga ko ulu, kuma tarin tufafin da aka yi watsi da su a hamadar Atacama ta ƙasar Chile, ko waɗanda teku ke dawo da su gaɓar birnin Accra bayan sun gagara sayuwa a kasuwar gwanjo ta Kantamanto, babu mai iya bambance wanda ya taɓa zama gora a cikinsu.

Rikicin gora: tsakanin masu lemo da masu tufafi

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi rashin fahimta, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Gorar PET tana cikin 'yan tsirarun kayan roba da ake iya mayarwa abin da suke tun asali. Idan aka tattara ta da tsabta, ana iya narkar da ita a sake yin wata gorar, ita ma a sake, har sau da dama, tare da wani mataki na musamman da ke sake tsawaita sarƙoƙin da zafi ya gajarta. A ƙasashe irin su Jamus da Norway, inda mai saye ke biyan ɗan kuɗin ajiya a kan kowace gora ya karɓi abinsa idan ya mayar da ita, fiye da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa.

Amma ranar da gora ta zama riga, ta fita daga wannan zagaye, kuma da wuya ta sake komawa. An rina ta, an gauraya ta da wasu zaruruwa, an ɗinka mata zif da maɓalli, kuma inda za ta ƙare shi ne juji ko wuta. Gurbin da ta bari a masana'antar lemo kuwa, da sabuwar roba za a cike shi. Ke nan mai yiwuwa ne kamfanin tufafi ya rubuta a rahotonsa cewa ya rage amfani da mai, alhali man da ya rage ya koma ne kawai littafin kamfanin lemo, an yi tufka da warwara.

Batun ya ƙara zafi ne bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a 2019 cewa daga 2025 dole gorunan PET na abin sha su ƙunshi aƙalla kashi 25 cikin 100 na robar da aka sake sarrafawa, daga 2030 kuma kashi 30 ga dukkan gorunan abin sha. Kamfanonin lemo da na ruwa suka wayi gari suna gogayya da masu tufafi a kan ɓarɓashi ɗaya, har ƙungiyoyinsu suka nemi a ba su haƙƙin fara saye, bisa hujjar cewa su ne suka saka gorar a kasuwa kuma su ne suke biyan kuɗin tattara ta. Hukumar Tarayyar Turai ita ma, a tsarin da ta fitar kan tufafi a watan Maris na 2022, ta nuna damuwa kan tallan da ake yi da rigunan gora, ta kuma ce abin da ya kamata a fi mayar da hankali a kai shi ne mayar da tufafi su zama tufafi.

Sai dai wannan hujja tana da iyakarta, kuma masu sukar sukan manta da ita. Ba kowace ƙasa ce ke da masana'antar da za ta iya tsabtace ɓarɓashi har ya cancanci taɓa abin sha ba, kuma ba kowace gora ce ta dace da hakan ba, musamman masu launi da waɗanda suka daɗe a bola. A wuraren da makomar gora ita ce kwata ko ƙonawa a fili, masana'antar zare ce ke sa ta yi daraja har masu tsintar robobi su sunkuya su ɗauke ta, kuma miliyoyin mutane a duniya da wannan sana'a suke ci. Kafin ƙasar Sin ta rufe ƙofarta ga sharar roba a farkon 2018, kaso mai yawa na gorunan da Turai da Amurka suke tattarawa can ake kai su, galibi su zama zare. Don haka tambayar da ta dace a yi game da kowace riga ita ce: da ba a yi ta ba, ina gorar za ta je? Idan juji za ta je, rigar ta yi amfani, idan kuwa wata gorar za ta zama, rigar ta katse mata hanya ne. Takardar da ke wuyan riga ba ta taɓa amsa wannan tambaya.

Burbushin da ke zuba a wanki

Duk lokacin da aka wanke yadin roba, ƙananan gutsattsarin zare da ido ba ya iya gani sosai sukan karye su bi ruwa. Masana a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun auna a 2016 cewa wanki guda na kilo 6 na kayan foliyesta a inji yana iya sakin zaruruwa kusan 500,000. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan kashi 35 cikin 100 na burbushin robar da ke shiga teku tun yana ƙanana daga wankin tufafi yake. An tsinci irin wannan zare a cikin ƙanƙarar dutsen Everest da ruwan tekun Arctic, kuma a 2022 wasu masana a Amsterdam sun sami burbushin roba, har da PET, a jinin mutane.

A wannan fage sake sarrafawa bai kawo sauƙi ba. Wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa zaren gora ya fi sabo zubar da burbushi, abin da ake dangantawa da gajartar sarƙoƙinsa bayan narkarwa ta biyu, wasu kuma ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba, suka ce yanayin saƙa da gogewar da aka yi wa yadin sun fi asalin zaren tasiri. Ko wanne aka ɗauka, gorar da take dunƙule guda, wadda ake iya gani a ɗauka da hannu, ta rikiɗe ta zama abin da zai riƙa zubar da gutsattsari kaɗan-kaɗan har tsawon rayuwarsa. Yadin sanyi mai gashi-gashi, wanda shi ne aka fara yi da gora, yana cikin waɗanda suka fi zubarwa.

Me ya hana a mayar da riga ta zama riga?

Gidauniyar Ellen MacArthur ta ƙiyasta a 2017 cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da ake yin tufafi da shi ne ke dawowa ya zama sababbin tufafi, kuma alƙaluman baya-bayan nan ba su nuna wani babban sauyi ba. Gora abu ne guda, mai tsabta, iri ɗaya a ko'ina. Riga kuwa sau da yawa gauraye ce ta foliyesta da auduga, ko da ɗan zaren ilasten mai sa yadi talewa, wanda ko kaɗan ne ya shiga yana ɓata narkarwar, ga rini, ga zaren ɗinki, ga hoton da aka buga a ƙirji.

Mafitar da ake sa rai a kanta ita ce sarrafawa da sinadarai, wato a warware sarƙoƙin gaba ɗaya su koma sinadaran nan biyu na asali, a tace rini da datti, sannan a sake haɗa su a sami zare mai ingancin sabo. Kamfanin Teijin na Japan ya fara irin wannan tun farkon shekarun 2000, kamfanin Carbios na Faransa ya ɓullo da hanyar amfani da enzayim, wani sinadarin halitta mai cin robar, kamfanin Eastman kuma ya buɗe babbar masana'anta a jihar Tennessee ta Amurka a 2024. Fasahar tana aiki, amma tana cin makamashi fiye da narkarwa kawai, tana da tsada, kuma abin da take fitarwa har yanzu ɗigo ne idan aka auna shi da tan miliyan 71. Babban cikas ɗinta shi ne arhar sabon foliyesta: duk lokacin da farashin mai ya faɗi, ko masana'antun Sin suka fitar da fiye da abin da kasuwa ke buƙata, mai sake sarrafawa ne ke fara rasa masu saye.

Lissafin yawa

Akwai alƙaluma biyu da ya kamata a ajiye kusa da juna. A 2022 an samar da foliyesta kimanin tan miliyan 63, a 2023 kuma wajen miliyan 71, wato ƙarin kusan tan miliyan 8 a shekara guda. Dukkan foliyesta da aka sake sarrafawa a duniya a 2023 bai kai tan miliyan 9 ba. Ƙarin shekara ɗaya tak ya kusa cinye dukkan abin da aka gina cikin shekara 30, shi ya sa kason wanda aka sake sarrafawa ya sauka daga 13.6 zuwa 12.5 duk da cewa adadinsa ya ɗan ƙaru. Kamfanin da ya sauya rabin zarensa zuwa na gora amma ya ninka yawan rigunan da yake sayarwa, hayaƙinsa ƙaruwa ya yi.

Abin da ya shafi mai saye

Idan mutum zai sayi kayan foliyesta ko ta yaya, kamar rigar wasanni ko ta ruwan sama, inda auduga ba za ta yi aikin ba, to wanda aka sake sarrafawa ya fi, matuƙar ingancinsu ɗaya ne. Idan kuwa takardar ce ta sa ya sayi rigar da ba ya buƙata, to ribar ta tafi tun a kanti, domin ragin da aka samu a zarenta bai kai nauyin yin ta ba. Rigar da ta yi shekara biyar a jiki ta fi wadda ta lalace a shekara guda sauƙi ga muhalli, ko da ta farkon daga sabon zare aka yi ta. Rage yawan wanki, da cika inji maimakon wanke kaya kaɗan cikin ruwa mai yawa, da guje wa ruwan zafi, duk suna rage zubar burbushi, kuma yadin da aka yi da zare iri ɗaya zalla ya fi gauraye damar sake amfani nan gaba.

Ya kamata kuma a karanta takardar da kyau. Zaren gora da sabon zare abu ɗaya ne a sinadari, ba a bambance su da ido ko da taɓawa, don haka dogaron duka yana kan takardun shaida da ke bin kayan daga masana'anta zuwa masana'anta, irin su shaidar GRS (Global Recycled Standard), wadda ba ta yarda a buga tambarinta a jikin kaya ba sai abin da aka sake sarrafawa ya kai rabi. Wata rigar kuma shafinta na ciki kaɗai ne aka yi da zaren gora, amma tallan ya rufe ta gaba ɗaya.

Hukumomi sun fara sa ido a kan irin wannan. A 2022 hukumar kare masu saye ta Holan ta sa kamfanonin H&M da Decathlon suka yi alƙawarin gyara ko janye kalaman muhalli da ba su da bayani a jikin kayansu. A watan Maris na 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta karɓi irin wannan alƙawari daga kamfanonin tufafi na Asos da Boohoo da George na Asda, inda suka amince su daina amfani da kalmomi masu harshen damo game da yadi, su kuma riƙa nuna ainihin kason zaren da aka sake sarrafawa a inda mai saye zai gan shi. Tun daga watan Janairun 2025 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suna ƙarƙashin wajibcin tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara, duk da cewa masana'antun da za su iya mayar da su zare ba su kai yawan abin da za a tattara ba, kuma wani kaso na rarar zai ci gaba da bin jiragen ruwa zuwa kasuwannin gwanjo na wasu nahiyoyi.